Yadda Ake Haɗa Ƙwarya Da Faifai Na Suga A Kan Kek Ɗin Biki

Ɗora ado a saman kek ɗin aure al'ada ce da ta zo mana daga Turai. A bikin Sarauniya Biktoriya ta Ingila da Yarima Albat a 1840, an ɗora wa kek ɗinsu ƙananan siffofin ango da amarya sanye da tufafin Rumawa na dā. Daga baya wannan salo ya bazu a duniya. A nan Arewa kuwa, iyalai da yawa ba sa son mutum-mutumi saboda addini, shi ya sa masu kek suka koma ga furanni, da sunayen ma'aurata da ake yankawa a jikin roba, ko kuma kayan gargajiya irin su ƙwarya da faifai da ludayi. Ga yadda ake yin waɗannan ukun da suga.

Kayan aiki: farin fondan giram 250, garin CMC ƙaramin cokali ɗaya, kalar abinci mai kauri, garin masara mai laushi, abin murji, wuƙa, tsinken sakace, ƙaramin burushi da ƙaramin kwano mai santsi.

Da farko ki barbaɗa CMC a kan fondan ki murza sosai har ya haɗe, ki naɗe a leda ya kwana. Garin nan shi ke sa fondan ya bushe ya yi tauri. In babu shi, ƙwaryar za ta zauna da zarar an ɗaga ta. A daren nan kuma ki jiƙa ɗan CMC kaɗan a ruwan ɗumi, da safe zai zama gam ɗin liƙi.

Kashegari ki raba fondan ɗin gida uku. Kaso mafi girma ki sa masa kalar ruwan ɗorawa da ɗigon kalar ruwan ƙasa har ya yi launin busasshiyar ƙwarya. Kada ki yi amfani da kala mai ruwa-ruwa, tana sa shi danƙo. Ki murza shi ya yi kaurin kamar milimita 3, ki kife kwanon, ki barbaɗe bayansa da garin masara, sannan ki lulluɓa fondan a kai. Ki shafa da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe don kada ya yi ninki, ki datse baki da wuƙa.

Tun yana da taushi za ki yi zane. Da tsinken sakace ki ja layuka biyu a kewayen baki, ki cike tsakaninsu da ƙananan kusurwoyi, a tsakiya ki zana dagi ko harafin farko na sunan amarya. Kada ki danna har ya huda. Bayan kwana biyu ki zare kwanon a hankali, ki bar cikin ma ya sha iska, sannan ki bi zanen da burushi da kala mai duhu.

Faifai kuwa, daga sauran fondan ɗin ki mulmula siraran igiyoyi masu launin ja, kore da fari, ki naɗa su zagaye-zagaye daga cibiya kina shafa gam, kina sauya launi bayan kowane zagaye biyu ko uku. Ludayi kuma ɗan dunƙule ne da za ki danna a bayan ƙaramin cokali, ki ja masa mariƙi. Ragowar farin fondan ki mulmula shi ƙanana kamar fura ki zuba a ƙwaryar.

Shanya ita ce rabin aikin. Da hunturu kayan na saurin bushewa, amma suna iya tsagewa, don haka ki nisanta su da taga da fanka. Da damina kuwa laima na hana su tauri, sai ki fara aƙalla mako guda kafin biki. Kada ki kuskura ki sa su a firji, domin suna fitowa za su yi gumi su yi laushi.

Ranar biki, ki soka sandunan tallafi biyu ko uku a hawan kek na sama daidai inda ƙwaryar za ta zauna, don kada nauyinta ya lotsa shi. Ki tafi da adon a kwali daban, sai an ajiye kek a teburinsa ki liƙa ƙwaryar, ki jingina faifai a gefenta, ki ɗora ludayi a bakinta.