Shirwar Siliki: Sana'ar Mutanen Weifang a Ƙasar Sin

Akwai wani abin wasa da ake ɗaura wa zare a sake shi iska ta ɗaga shi sama. Turawan Ingila suna kiransa da sunan shirwa, saboda yadda yake shawagi. A birnin Weifang na lardin Shandong, a ƙasar Sin, yin wannan shirwa sana'a ce ta gado, kuma mafi daraja ita ce wadda aka yi da siliki.

Masu sana'ar sun kasa aikin kashi huɗu, watau ɗaure gora, da manna ƙyalle, da zane, da sakewa sama. Gora ake tsagawa a fere ta, a gasa a bakin wuta har ta lanƙwasu. Gwani yakan lanƙwasa sanda guda tukuna, sa'an nan ya tsaga ta biyu, domin fukafukan su zo daidai.

Amma a wajen ƙyalle ne gwaninta take fitowa. An zaɓi siliki saboda ba shi da nauyi, ga ƙarfi, ga karɓar launi. Akan yanka shi ya ɗara gorar kaɗan, a naɗe bakin a manna. In an ja shi da yawa sai gorar ta karkace. In ya yi sako-sako iska ta cika gefe guda, shirwar ta yi ta juyi har ta faɗo. A wani irin da ake yi wa siffar tsuntsu ko malam-buɗe-littafi, gefen sama kaɗai ake sa wa gora, a bar na ƙasa yana kaɗawa kamar fiffiken gaske.

Zanen ma da nasa sharaɗi. Mai rinin riga ba ruwansa da nauyin baba, amma mai zanen shirwa tilas ya kula, don launi mai kauri nauyi ne, yana kuma tare haske. Ado ne da za a hango daga nesa, rana na ratsa shi ta baya. Saboda haka ja da kore da rawaya masu kaifi aka fi so, irin na hotunan sabuwar shekara da ake bugawa da katako a ƙauyen Yangjiabu.

Tun 1984 ake yin bikin shirwa na duniya a Weifang cikin watan Afrilu, kuma a 2006 gwamnatin Sin ta sa sana'ar cikin jerin al'adun gargajiya da take karewa. Kariyar kuwa ta zama dole. Masana'antu suna fitar da shirwar nailan mai araha, wadda inji ke buga wa zane, alhali ta siliki guda takan ci wa mai ita kwanaki, mai saye kuwa sau da yawa a bango yake rataye ta don kada iska ta yaga.