Yadda Ake Taka Birkin ABS Idan Abu Ya Taso

Tayar da ta ƙame tana jan ƙasa ba ta jin sitiyari. Ko ina ka murɗa, mota gaba za ta yi. Wannan matsala ce birkin ABS ya zo magancewa, tun 1978 da kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka sa shi a motar S-Class. Yau yawancin motocin da ake shigo mana da su daga Turai suna da shi, amma direbobi da yawa suna taka shi irin takun tsohon birki.

Ga yadda yake aiki. A jikin kowace taya akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ita, kusa da shi kuma akwai sensa da ke ƙirga haƙoran tana sanar da kwamfutar birki. Da zarar kwamfutar ta ga wata taya na neman tsayawa cak alhali mota na gudu, sai ta sassauta matsin man birki a kan wannan tayar, ta sake matsewa. Tana iya yin haka har sau 15 cikin daƙiƙa ɗaya. Babu ƙafar da za ta iya wannan.

Matakin farko tun kafin ka tashi ne. Murɗa makulli, ka dubi fitilar ABS mai ruwan ɗorawa. Ya kamata ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Idan ba ta kama ba sam, ka bincika, musamman wajen sayen mota, don akwai masu cire ƙwan domin ɓoye lahani.

To, ga ka a kan kwalta, yaro ko akuya ta faɗo titi. Taka birki da iya ƙarfinka, lokaci guda. Idan motar mai giyar hannu ce, haɗa da kuloci.

Sai ka riƙe. Nan ne ake yin kuskure mafi muni. Birkin zai riƙa karkarwa a ƙarƙashin tafin ƙafarka, kamar yana turo ta baya, ka kuma ji gurnani daga wajen inji. Mutum ya firgita, ya zaci wani abu ya karye, ya ɗaga ƙafa. Ba abin da ya karye, na'urar ce ke aikinta. Kada ka ɗaga, kada kuma ka yi ta taka-saki. Dabarar nan ta motocin da ba su da ABS ce, a nan nisan tsayawa kawai take ƙara maka.

Ƙafa na kan birki, ka kafa ido inda kake so motar ta bi, ka murɗa sitiyari a hankali, ban da fizga.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: a kan burji ko yashi, mota mai ABS kan ɗauki tazara fiye da marar shi kafin ta tsaya. Rage gudu tun da wuri. Taya mai sanƙo ma ABS ba ya ceton ta.

Idan fitilar ABS ta ƙi mutuwa, birki na nan amma ABS ya daina aiki. Sau da yawa datti ne a kan sensa, ko wayarta ta tsinke lokacin sauya boris. Idan jar fitilar birki ta kama tare da ita, ka faka, ka kira bakanike.

Don Allah ka nemi fili marar jama'a, ka ɗaura bel, ka taka birkin da ƙarfi a ƙaramin gudu, ƙafarka ta san karkarwar nan kafin ranar da za ka buƙace ta.