Kiɗan da Ya Dace da Hoton Sama: Shawarwari ga Masu Haɗa Bidiyo a Gida

Wata Asabar da kaka, ruwa ya fara janyewa daga fadama, ɗan wana ya shigo da waya a hannu yana ta washe baki. Wani mai ɗaukar hoton biki ya zo Guri daga Haɗeja da ɗan jirgin nan marar matuƙi da samari ke kira diron, da aka watse sai yaron ya lallaɓe shi ya tashe shi ta kan kogi. Hoto kam ya yi. Ga gonakin shinkafa sun yi ja, ga kacalla ta cinye bakin ruwa, ga masu kwale-kwale biyu kamar an ajiye ashana a faranti. Can wata shirwa ta ratso, ta buɗe fikafikai tana shawagi, ko motsa su ba ta yi. A ƙarƙashin duk wannan kuwa ya ɗora kiɗan fiyano na rawar amare, mai gudu kamar an koro shi.

"Baffa, ya ka gani?"

Kafin in buɗe baki, kakarsa da ke tsintar wake a gefe ta leƙo ta ce, "Wannan shirwar dai ba ta san ana kiɗa ba."

Iyakar maganar ke nan. A ƙasashen Turawa akwai masu tuƙa jirgin sama marar inji, wanda wani jirgin ko igiya ke ja sama a sake shi, matuƙin ya yi ta neman iskar zafi mai tashi yana kewayawa a cikinta, daidai yadda shirwa da ungulu ke yi da hantsi. Na zamani, in ya hau kilomita 1, yana iya zamewa kilomita 40 kafin ya taɓa ƙasa. Bajamushen da ya buɗe wannan fage, Otto Lilienthal, wurin wasu tsuntsaye dangin shamuwa ya koyi darasin, ya rubuta littafi a kan tashinsu a 1889, ya yi ta gwaji har ya faɗo ya mutu a 1896. Masu wannan wasa su ma suna ɗaukar bidiyo, suna kuma shan wahalar zaɓen kiɗa. Mu nan ba mu da jirgin, amma muna da malamansa suna yawo a kanmu kullum, kuma kusan kowane gida yanzu akwai yaro mai CapCut ko KineMaster a waya. Ga abin da zan ce masa.

1. Ka kalli hoton shiru tukuna. Sau uku, ba sauti ko kaɗan. A na ukun ka riƙa buga yatsa a gwiwa yadda idonka ke tafiya da hoton. Saurin da yatsanka ya ɗauka, shi ne saurin kiɗan da za ka nema. Yawancin yara akasin haka suke yi: waƙar da ke tashe a TikTok suke fara zaɓa, sannan su tilasta wa hoto ya bi ta. Hoton sama ba ya gaggawa. Ko diron na gudu, daga can nesa ƙasa a hankali take wucewa.

2. Ka fifita kiɗa zalla a kan waƙa mai baituka. Bahaushe mai sauraron magana ne. Da mawaƙi ya buɗe baki, kunne ya tafi wurinsa, ido kuma ya bi kunne. Ka sa Shata a ƙarƙashin hoton fadama ka gani: minti ɗaya bai cika ba mutane za su fara amshi, su manta da akwai kogi. Wannan ba aibin Shata ba ne, ƙarfinsa ne, kuma shi ya sa bai dace da nan ba.

Kayan kiɗanmu kowanne da inda yake zama. Masu tsirkiya su suka fi tafiya da ruwa da iska. Gurmi, wanda marigayi Haruna Uji ya fito da sunan Haɗeja da shi, yana da ɗan taku mai maimaituwa da ke kama da sukar ruwa da sanda a kwale-kwale. In hoton na bin hanyar kogi, da wuya ka sami abin da ya fi shi. Molo da garaya ma haka, sai dai garaya in ta yi zafi takan kai hankali wurin farauta ko bori, don haka a nemi ta sanyi. Goge da kukuma suna jan sauti ba yankewa, shi ya sa suke dacewa da tsuntsun da ke kewaya ba ya kaɗa fiffike. Ni dai a wurina sarewar Fulani ta fi kowa: busa ce, iska ce da kanta, in ka ɗora ta kan garke yana ƙetare ruwa da yamma sai ka ce tare aka halicce su.

Kalangu da ganga na taro ne: kokawa, kasuwa, ranar kamun kifi da masunta suka faɗa ruwa gaba ɗaya da goruna da koma. Can ne saurin ke da amfani. Kakaki da algaita kuwa na sarauta ne. In kana da hoton hawan salla a Haɗeja, bisimilla. Amma ka ɗora kakaki kan gonar tattasan babanka, dattawa za su tambaye ka yaushe aka naɗa shi.

3. Ka ɗauko sautin wurin da kanka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, akasarin diron ba sa ɗaukar sauti, kuma da sun ɗauka ma ƙarar farfelarsu kaɗai za a ji. Hoton yakan sauko kurma. Shi ya sa ake cika shi da kiɗa tun daga fari har ƙarshe, kamar miyar da aka ji tsoron ba ta yi daɗi ba aka yi ta zuba mata magi.

Mafita ba ta cin ko sisi. Bayan sallar asuba ka tafi bakin ruwa da wayarka, ka rufe wajen makirfon da safa mai tsabta ko ɗan guntun soso don kada iska ta riƙa bugunsa, ka jingina ta da kututture, ka ja da baya ka yi shiru minti biyar. Za ka dawo da fiton kirinjijiya, da kukan kwaɗi na ƙarshe kafin gari ya waye, da shafar iska a jikin kacalla, da wani masunci can nesa yana kiran ɗan'uwansa. Ka guji wurin da injin ban ruwa ke aiki, don shi in ya shiga ba ya fita. Wannan sautin ka shimfiɗa a ƙasa, kiɗa ya hau kansa, ka kuma bar daƙiƙa goma na farko ba kiɗa sam.

Masu jirgi marar inji ma sun gano haka. A cikin jirginsu akwai wata 'yar na'ura da ke ƙara kuka tana siranta murya in jirgin na hawa, ta yi ƙasa da murya in yana sauka. Waɗanda suka iya haɗa bidiyo a cikinsu ba sa kashe ta. Suna barin ta da hucin iska, don su ne ke gaya wa mai kallo cewa da gaske ana sama.

4. Waƙar wani dukiyarsa ce. YouTube da Facebook suna da manhajar da ke gane waƙa da zarar ka ɗora, sai su toshe sautin, ko su rufe bidiyon, ko kuɗin talla ya tafi ga mai waƙar. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba mai waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Ka yi lissafin da kanka. Cewa "ai tsohuwar waƙa ce" ba hujja ba ce, magada na nan da ransu. In dole sai kiɗan waje, YouTube na da rumbun kiɗa na kyauta, sai dai ka karanta sharaɗin kowanne, wasu suna so a rubuta sunan mai shi.

5. Abin da ya fi duk wannan: ka nemi makaɗin garinku. Ba ƙauyen da ke tsakanin Guri da Kadira da Abunabo da za a rasa mai gurmi ko mai sarewa a kusa da shi. Ka je da kanka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nuna masa hoton a waya, ka ce ya kaɗa abin da ya zo masa yana kallo, ba waƙa. Ku shiga ɗakin ƙasa mai labule da tabarma, ba shago mai rufin kwano da ke amsa kuwwa ba, ka ajiye waya kamu ɗaya daga kayan kiɗan. Ku yi magana a kan kuɗi tun kafin a fara, ka gaya masa inda za ka sa bidiyon, ka rubuta sunansa a ƙarshe. Ba manhajar da za ta toshe maka wannan, kuma duk wanda ya ji ya san daga ina hoton ya fito. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

6. Hoton ambaliya ba a yi masa kiɗan rawa. A 2020 da 2022 mun ga bidiyoyi suna yawo, rufin gidajen mutane na leƙowa daga ruwa, a ƙasa kuma ana kiɗan casu. Daga sama abin na da kyan gani, wannan shi ne haɗarinsa. A ƙasa shinkafar shekara ce ta wani ta tafi. A bar ƙarar ruwan, ko muryar mai gonar in ya yarda ya yi magana. Kiɗan ban tausayi irin na finafinan Indiya ma bai dace ba. Mutanen ba fim suke ba.

7. Gidan da ba a son kiɗa, sautin wurin kaɗai ya wadatar, wani lokaci ma ya fi. In za a sa karatun Alƙur'ani, kada a haɗa shi da kiɗa, kada a yanke aya a tsakiya don bidiyo ya ƙare. A auna tsawon hoton da karatun, ba karatun da hoton ba.

8. Ka sauya hoto inda kiɗan ya sauya taku, kuma kada ka datse shi kamar an ɗauke wuta. Ka rage shi sannu a hankali har ya ɓace. Da ka gama, ka cire abin kunne ka saurara da sifikar ƙaramar waya, don da ita mutane za su ji a majalisa. Sautin da ya yi kauri da yawa ɓacewa yake yi a can, sarewa da gurmi kuwa suna fitowa tas.

9. Wannan ba ta kiɗa ba ce, amma ba zan tsallake ta ba. Diron na ganin tsakar gida, yana ganin makewayin da ba rufi, yana ganin matan da ba su fito don a gan su ba. Kada a tashe shi ta kan gidaje, a sanar da mai unguwa, kuma mai jirgin ya san hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama tana da ƙa'idar rajista da izini. Kada kuma a kutsa da shi cikin garken tsuntsaye don a ga sun tashi. Wasunsu Sahara suka ƙetaro daga Turai kafin su sauka a Baturiya, wadda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2008, ko a Dagona ta ƙasar Bade, inda mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci ya zo kallonsu a 1989. Hutawa suka zo yi.

Ɗan wana ya sake haɗa nasa da sarewar wani makiyayi da ya samu a mashaya. Kakarsa ta kalla har ƙarshe, ta ce a mayar mata daga farko. Baƙin tsuntsayen suna nan daga shigowar sanyi har wajen Maris, shamuwa kuma sai gab da damina. Mai son sautinsu ya yi cajin wayarsa tun da dare, ya riga masu injin ban ruwa isa bakin kogi.