Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Aji da Kasuwar Maigatari

Wata mai sauraronmu daga Sule Tankarkar, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Gumel, tana tambaya: ina za ta samo misalan aikin da malaminsu na tattalin arziki ya ba su?

To Malama, ai ga Maigatari a gefenku. Je ki ranar Alhamis, ki ga yadda farashin rago ke hawa idan Babbar Salla ta matso, da yadda canjin naira da sefa ke juya cinikin dabbobin Nijar. Ki tambayi dillalai yadda la'ada take. Riɗin Gagarawa ma abin dubawa ne. Idan kuma tarihi ya shigo, ki tuna Mangawa suka kafa masarautar Gumel, kuma Borno ta bi a da, ba Sakkwato ba.