Amsar Tambaya: Littafi na biyu ya bar ni da zuciya biyu

Tambaya: Anti, Fourth Wing na Rebecca Yarros ya hana ni barci don daɗi. Na biyunsa, Iron Flame, ya gundure ni, amma na kasa ajiye shi. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa: Ƙanwata, gundurar nan tana da tushe. Abin da ya riƙe ki a na farko shi ne jira. Violet 'yar janar ce, Xaden kuwa ɗan madugun 'yan tawayen da aka kashe, kina ta zullumin ko za su daidaita. Da suka daidaita, dole marubuciyar ta samo sabon abin da zai shiga tsakaninsu, sai ta kama sirrin da Xaden yake ɓoye mata. Violet ta tambaya, ya yi shiru, ta yi fushi, su shirya, gobe a koma gidan jiya. A ganina an ja wannan rigimar fiye da kima, kuma littattafan biyu duk a 2023 suka fito, alamar gaggawa ta nuna.

Abin da ya hana ki ajiye shi kuwa, ina kyautata zaton dodannin nan ne masu fukafukai, Tairn da ƙaramar Andarna, da yaƙin da ke ƙaratowa. Nan ne ƙarfin littafin yake.

Ki ƙarasa shi, babin ƙarshe ya cancanci haƙurinki. Amma kada ki yi saurin sayen na ukunsa, Onyx Storm, wanda ya fito a Janairun 2025. Littattafai 5 aka tsara, ƙarshen labarin da saura. Ki huta wata guda, in har Violet tana faɗo miki a rai, sai ki nemo shi.