Koyon Kamun Kifi Da Fatsa

Idan an gama kaka, aikin gona ya yi sauƙi, manomin da ke kusa da kogi ko tafki, ko madatsar ruwa irin ta Tiga da Goronyo, ya iya samun kifin miya ba da ya ɓad da kuɗi ba. Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce fatsa mai totuwa.

Kayan aikin ba su da yawa. Gora ce siririya mai tsawon kamu biyar ko shida, da zare mai ƙarfi, da ƙaramar ƙugiya, da 'yar darma, sa'an nan guntuwar totuwar karan dawa kamar tsawon ɗan yatsa. Ƙugiya tana can ƙarshen zare, darma tana bisanta da taƙi guda, totuwa kuwa a sama. A ɗaura totuwar yadda za a iya ja da ita sama ko ƙasa.

Aikin totuwa biyu ne. Ita ke riƙe abincin a zurfin da a ke so, ita ce kuma ke ba da labarin abin da ke gudana a cikin ruwa. Saboda haka kafin a sa tana, sai a auna zurfin wurin. In totuwa ta kwanta, darma ta taɓa ƙasa ke nan. A riƙa matso da ita wajen ƙugiya kaɗan kaɗan har ta miƙe tsaye. Tarwaɗa da kurungu a ƙasa su kan yi kiwo, sai a bar tana ta kusa taɓa laka. Karfasa kuwa an fi samunta gefen ciyayi, ba ta bukatar zurfi da yawa. Yawancin masu komawa gida hannu banza, a wajen awon nan su ka yi kure.

In totuwa tana 'yar rawa, ƙananan kifi ne ke tsakurar tana, kada a ja. Amma in ta nutse, ko ta kama tafiya gefe guda, to lokaci ya yi. Da wuyan hannu a ke ɗaga gora, ba fizga a ke yi ba, domin fizga ta kan yage bakin kifi ko ta tsinke zare.

Sassafe da maraice sun fi kyau. Mutum ya zauna shiru, kada inuwarsa ta faɗa cikin ruwa. Watsa jiƙaƙƙiyar dusa kaɗan ya kan tara kifi wuri ɗaya.

Lalle a yi hankali da ƙayar kurungu wajen cire ƙugiya, domin sukarta da zafi. Kada kuma a tsaya cikin kwantaccen ruwa, a nan a ke ɗaukar tsargiya. Baƙo ya nemi iznin Sarkin Ruwa tukuna, gama akwai ruwan da a kan hana su, kamar Matan Fada a Argungu, wanda a ke tanada don ranar biki. Ƙananan kifi kuwa a mai da su ruwa, su ne manyan baɗi.