Yadda Ake Zaɓen Launin Ƙofar Gida a Bukkuyum

Mai walda ya gama haɗa ƙofar zaure, saura fenti. Kafin maigida ya taka shagon masu fenti, sai ya fara duba inda ƙofar ta fuskanta. Idan yamma take kallo, ranar la'asar za ta riƙa dukanta, kuma baƙin ƙarfe a watan Afrilu kan yi zafin da yaro ba zai iya dafa shi ba. Ja mai ƙyalli kuwa saurin koɗewa yake yi.

Sai ƙura. Fari yana da kyau ranar da aka shafa shi, amma da hunturu ya shigo zai koma ruwan ƙasa, ga shatin hannu kewaye da sakata. Ruwan toka da ruwan ƙasa sun fi ɓoye datti. A ganina shuɗi ko kore mai ɗan duhu ya fi zama a jikin katangar laka, yana fitowa ba tare da hayaniya ba. Idan katangar siminti ce mai ruwan madara, ruwan hanta ya dace da ita.

Kada a yarda da launin da aka zana a bayan gwangwani. A shafa kaɗan a guntun ƙarfe, a jingine shi da katanga, a duba da hantsi, a sake dubawa da almuru.

Akwai abin da ya fi kyan gani muhimmanci. Mutanen wannan yanki sun san dalma: a 2010 gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, irin su Yargalma da Dareta. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma fentin mai ma wani yana ɗauke da ita, musamman ruwan ɗorawa da ruwan goro da ja. Bakin ƙofa kuwa nan yara ke wuni, fenti na ɓarewa suna ɗauka suna kai wa baki. Don haka a karanta gwangwanin, a ce wa mai shago, "Alhaji, wanda ba dalma nake so." Wanda aka juye a galan babu suna babu bayani, a bar masa abinsa komai araharsa.

Lokacin aiki shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya sauko. A goge tsatsa da samfefa. Idan tsohuwar ƙofa ce, a jiƙa ta kafin kankara don kada garin ya tashi, a kori yara daga wurin, a kwashe ɓarɓashin a kai nesa da gida. A fara da jan fentin hana tsatsa, ya bushe sarai, sannan launin da aka zaɓa shafi biyu marasa kauri, kwana guda tsakaninsu. A tabbatar burushi ya kai gindin ƙofar, domin nan ruwan sama ke fara cin ƙarfe.